Bango Mai Duhu a Garin da Rana Ta Yi Yawa

Ranar da mai fenti ya buɗe bokitin farko a tsakar gidanmu, ya daɗe yana duban abin da ke ciki kafin ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, wannan ne za mu shafa wa falo, ko kuwa na ƙyauren ƙarfe ne aka haɗo da shi bisa kuskure?” Na ce masa, “Malam, na falon ne.” Bai ja da ni ba, domin dattijo ne mai kawaici, sai dai ya shaida mini cewa ya haura shekara ashirin yana wannan sana'a a Damagaram, ya shafa fari da ruwan madara da ruwan hoda da shuɗi mai haske a gidajen da ba zai iya ƙirgawa ba, amma ba a taɓa sa shi ya shafa launin gawayi a cikin ɗakin da mutane za su zauna ba. Yau falon nan ya ga hunturu ɗaya, ya ga bazara, ya ga damina da wannan launi a jikinsa, kuma ƴan'uwa da ƙawaye da dama sun shigo sun yi mini tambayoyi a kansa, wasu da sha'awa, wasu da mamaki, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya a wuri ɗaya.

Gajiyar ido ce ta kai ni ga wannan shawara. Falonmu yana da taga biyu, ɗaya tana duban gabas, ɗaya tana duban yamma, tsakar gidan kuma siminti ne fari fat, ga katangar maƙwabta ita ma fara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake wuce digiri 40 kusan kowace rana, nakan dawo daga aiki da azahar idanuna a ƙanƙance saboda ƙyallin rana a kan titi da yashi, in shiga ɗaki ina neman sauƙi, sai in tarar da hasken ya riga ni shiga. Yana dukan simintin waje, ya faɗo kan tayil, wanda mu a nan muke kira karo, ya tashi ya daki farin bango, bangon kuma ya mayar mini da shi cikin ido. Ko na saki labule, ɗakin ba ya kwantawa. A irin wannan lokaci ne nake tuna soron kakata a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda muke zuwa hutu muna yara. Bangonsa na ƙasa ne mai kauri, tagarsa ba ta wuce faɗin faifai ba, cikinsa kuwa duhu-duhu ne mai ruwan makuba, wato shafen bango da ake yi da ɓawon ɗorawa, kuma da zarar mutum ya sa ƙafa a ciki sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Na daɗe ina zaton kaurin bangon ne kaɗai yake kawo wannan natsuwa. Kaurin bango yana da nasa aikin wajen tare zafi, babu shakka, amma daga baya na fahimci cewa wani kaso mai yawa na wannan hutu na ido ne, kuma launi ne yake ba da shi.

Ya kamata in fayyace irin launin da nake nufi, saboda da na ce mai duhu wasu suna ɗauka baƙi ƙirin ne. Ina nufin launukan da ba su karkata ga ja ko kore ko shuɗi ƙarara ba, wato dangin toka da gawayi da ƙasa, amma waɗanda suka ciza. Irin launin dutsen Birni da yamma bayan rana ta sauka daga kansa, ko launin tukunyar ƙasa da ta sha wuta, ko na ɓawon tsohuwar tsamiya. Amfanin irin waɗannan launuka shi ne ba sa gasa da komai, duk abin da aka ajiye a gabansu suna karɓarsa. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba daga 0 zuwa 100 a bayan katin kowane launi, wadda ke nuna kason hasken da launin yake mayarwa idan haske ya faɗa kansa. Farin fenti yana kaiwa 80 ko fiye, launin gawayi kuwa yakan tsaya a kusa da 10. Ma'anar wannan ita ce farin bango yana maido wa ɗaki akasarin hasken da ya shigo, mai duhu kuwa yana shanye kusan kashi tara cikin goma. Da na fahimci wannan lissafi sai na gane dalilin da ya sa labule kaɗai ya kasa yi mini magani.

Wadda ta fi kowa ƙin wannan shawara ita ce surukata, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Ta ce mini, “Ƴar nan, ai baƙin bango na madafa ne. Mun yi shekaru muna kankare baƙin hayaƙi muna shafa farar ƙasa kafin salla, ke kuma za ki sa kuɗi ki sayo shi?” Na ce, “Inna, ki bari a gwada, idan bai yi ba za a mayar da fari.” Na fahimce ta sarai. A idon mutanen zamaninta, farin ɗaki shaidar tsabta ce da wadata, duhun bango kuwa yana tuna musu da hayaƙin itace da fitilar aci-balbal da ƙuncin da suka yi murnar rabuwa da shi. Sai dai kuma a wannan gari namu duhun bango yana da wani asalin da ya girmi hayaƙin madafa. Magina na da suna jiƙa ɓawon ƴaƴan ɗorawa su samu makuba, su kwaɓa laka da ruwanta ko su shafe bango da daɓe da ita, tana ba da launi mai duhu tsakanin ja da baƙi, tana kuma taimaka wa gini ya jure ruwan sama. Akwai kuma laso, wani shafen bango wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara, shi ma launinsa ba fari ba ne. Wanda ya zagaya cikin Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take tun tsakiyar ƙarni na 19 da ragowar ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tanimun, ko ya bi lungunan Zango inda attajirai suka yi gidaje masu zane a fuska, zai lura cewa ado da launuka masu ɗaukar ido a waje ake zuba su, a kan ƙofar zaure, don mai wucewa ya gani, cikin ɗaki kuwa inuwa ake nema. Tun 2006 Nijar ta sanya Birni da fadar a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma mu da muke gina gidajen siminti a sababbin unguwanni mun ɗauko siffar zanko mun ɗora a kan katanga, mun bar hikimar inuwar a baya.

Gwajina na farko bai yi kyau ba. Na sayo bokitin farin fentin ruwa, irin wanda ake kira fom, da ƙananan kwalaben baƙin launi a kasuwar Dole, muka zauna da ƙanin maigidana muna zubawa muna juyawa da sanda. Duk yadda muka ƙara baƙi, abin da muke samu toka ce mai shuɗi-shuɗi, ta ƙi cizawa. Muka ƙara har kwalaben suka ƙare, muka shafa a bango ɗaya. Da ya bushe sai ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ya fi wani duhu, bayan kwana biyu kuma ɗana ya jingina da shi sanye da farar riga, ya tashi bayansa duk baƙi. Daga baya mai fenti ya yi mini bayanin abin da ya faru. Farin fenti cike yake da farin gari wanda aikinsa shi ne rufe bango, don haka ko nawa aka zuba masa baƙi, farin nan yana nan yana dusashe shi. Ruwan launin da ake sayarwa a kwalba kuma ba shi da danƙon da zai kama bango, ɗan kaɗan aka yi shi don a zuba, idan ya yi yawa sai ya rinjayi danƙon fentin, shi ya sa yake bin tufafi. Launi mai duhu na gaskiya ana haɗa shi ne a kan wani fenti na daban wanda ba shi da farin gari da yawa tun daga kamfani. Saboda haka wanda yake son irin wannan launi, ya nemi wanda aka riga aka haɗa, kada ya wahalar da kansa da sanda da kwalba. Ni wani ɗan'uwan maigidana da ke fatauci tsakanin Kano da Damagaram ne ya fara kawo mini ƙananan gwangwanaye uku na gwaji, daga baya ya kawo manyan.

Gwangwanayen nan uku su ne suka koya mini abin da ya fi komai muhimmanci a wannan aiki, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu kada ya yi gaggawa. A kan kati, duka ukun kusan abu ɗaya ne, kowa zai ce musu launin gawayi. Na shafa kowanne a faɗin mita ɗaya a bango, hannu biyu, na bar tazara a tsakaninsu, sannan na sake shafa su a bangon da ke fuskantar wancan. Da safe, lokacin da hasken gabas ya shigo, sai na ga na farko yana da shuɗi a ɓoye a cikinsa, na biyu yana da ɗan kore, na uku kuma yana karkata ga ruwan ƙasa. Da la'asar, da rana ta yi ja ta shigo ta tagar yamma, mai koren ya koma kamar ruwan kududdufi, mai shuɗin ya yi sanyi ya yi kyau, mai ruwan ƙasan kuwa ya yi ɗumi kamar makuba. A wannan mataki zuciyata ta fi kwanta wa mai shuɗin, domin yana tuna mini da rawanin ɗan kura. Allah ya sa a cikin watan Disamba muke, hunturu ya kankama, sai na ce bari in bar su mako guda ba tare da an goge ba.

Ƙurar hunturu da muke shaƙa a nan, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi fari-fari, iskar arewa maso gabas kuma ta kwaso shi ta haɗa da jan yashin ƙasarmu. Abin da ke sauka a kan kayan ɗaki saboda haka launinsa tsakanin fari ne da ruwan ƙasa mai haske. Bayan kwana bakwai na tsaya a bakin ƙofa na duba. Mai shuɗin ya yi furfura, kowane ɗan tudu na yaɓen siminti ya ɗauki layin ƙura ana ganinsa daga nesa, kamar baƙar mota da ta dawo daga hanyar Tanut. Mai ruwan ƙasan kuwa sai da na matsa kusa na shafa yatsa sannan na tabbatar shi ma ya ɗauki ƙurar daidai da ɗan'uwansa, amma da yake jinsin launinsu ɗaya ne da ita, ya haɗiye ta. A nan na yanke hukunci, kuma har yau ban yi nadama ba. Launin da ya yi kyau a hoton wani gida na Faransa ko Turkiyya an zaɓe shi ne don haskensu da iskarsu. Mu a nan ƙura abokiyar zamanmu ce wata huɗu ko fiye a kowace shekara, kuma wajibi ne a yi shawara da ita kafin a sayi bokiti.

Tambayar da kowa yake fara yi mini ita ce ta zafi, kuma tambaya ce mai kyau, domin duk wanda ya taɓa baƙin ƙyauren ƙarfe da ƙarfe biyu na rana ya san abin da duhu yake yi da rana. Abu mai duhu yana shanye hasken rana ya mayar da shi zafi, shi ya sa ba zan taɓa ba wa kowa shawarar ya shafa wannan launi a bayan gida ko a kan rufi ba, namu wajen fari ne kuma fari zai ci gaba da zama. Amma bangon cikin ɗaki rana ba ta dukansa. Zafin da ke damunmu a ɗaki yana saukowa ne daga kwanon rufi, yana ratso bangon yamma daga waje, yana kuma shigowa ta taga, kuma waɗannan hanyoyi ba su canja don an canja launin ciki ba. Wuri ɗaya ne kawai na lura da bambanci, wato inda hasken tagar yamma yake faɗawa kan bango kai tsaye daga bayan la'asar, nan kam idan aka ɗora tafin hannu ana jin ɗumi. Maganinsa asabari ne da muka rataya ta waje, domin tare rana kafin ta shigo ya fi tare ta da labule bayan ta riga ta shiga. A bazarar da ta wuce ban ji falon ya fi da zafi ba, kuma ba zan ce ya fi da sanyi ba, abin da ya canja shi ne idona yana hutawa, mutum yana iya zama a ciki da tsakar rana ba tare da ya ji kamar yana waje ba.

Aikin shafawar kansa yana buƙatar haƙuri fiye da na farin fenti, saboda duhu ba ya rufa wa bango asiri. Mai fenti ya kwana biyu yana cike tsaga yana gogewa da samfefa kafin ya taɓa launi. Ya kuma duba gindin bango da kyau, domin inda danshi yake tasowa daga ƙasa da damina yakan fito da wani farin gishiri kamar kanwa, wanda a kan farin fenti ba a cika lura da shi ba, amma a kan mai duhu yana fitowa ɓaro-ɓaro. Wanda gininsa sabo ne ya bari yaɓen ya yi aƙalla kwana 28 ya bushe sosai kafin a kawo fenti kusa da shi. Mun zaɓi fentin ruwa a kan fentin mai saboda dalilai uku: warin na mai yana daɗewa a ɗaki, ƙyallinsa yana tona duk wani lanƙwasa na yaɓen hannu, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan fentin da ke ɗauke da dalma, wadda aka fi samu a wasu nau'o'in fentin mai, kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. A cikin na ruwan ma mun ɗauki mai ɗan sheƙi kaɗan, saboda wanda ba shi da sheƙi ko kaɗan, duk da ya fi kyau a ido, yana riƙe sawun hannu.

Falonmu mita 5 ne a tsaye, mita 4 a kwance, tsayin bango kuma mita 3, wato murabba'in mita 54 idan aka zagaye, a cire ƙofa da tagogi ya rage kimanin 48. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a bango mai santsi, don haka kowane hannu ya ci kusan lita 5, kuma sai da aka yi hannu uku sannan launin ya zauna daidai. Kafin a fara, mai fenti ya juye bokitan duka a cikin babbar roba ɗaya ya gauraya, ya ce ko daga kamfani ɗaya suka fito akan samu ɗan bambanci tsakanin bokiti da bokiti, kuma a launi mai duhu wannan ɗan bambanci yana bayyana a tsakiyar bango. Da asuba yake farawa, tagogi a rufe saboda ƙura, kuma idan ya kama bango ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshensa, domin busasshiyar iskar hunturu tana busar da fenti cikin mintuna kaɗan, idan aka dawo aka ɗora ɗanye a kan busasshe sai layi ya fito. Na taɓa kawo masa shayi yana tsakiyar bango, ya ce, “Hajiya, a ajiye mini, bangon nan ba ya jira.” Silin mun bar shi fari, muka kuma sauko da farin kamar faɗin tafin hannu a saman bango, wannan ya hana ɗakin ya yi kamar ya danne mutum. Da farko na yi niyyar a shafa bango ɗaya kawai, amma da na ga yadda sauran fararen ukun suka ci gaba da watsa haske, shi kuma ya tsaya shi kaɗai kamar aikin da ba a gama ba, sai na ce a zagaye duka huɗun.

Daren farko bayan an gama, na kunna fitila sai gabana ya faɗi. Ɗakin ya yi kama da ma'ajiyar kaya, launin ya mutu, fuskokin yarana sun yi fari-fari. Laifin na ƙwan fitila ne. Akasarin waɗanda ake sayarwa a shagunanmu masu farin haske ne mai shuɗi-shuɗi, waɗanda aka rubuta 6500K a jikin kwalinsu, kuma irin wannan haske yana kashe ɗumin da ke cikin ruwan ƙasa. Da muka canja zuwa mai lamba 3000K, wanda haskensa ya karkata ga ruwan ƙwai, sai makubar da na gani da la'asar ta dawo. Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin kuma ba ya isa, tunda bangon ba ya taya shi watsa haske, saboda haka muka ƙara fitila biyu a ƙasa-ƙasa, ɗaya kusa da inda maigida yake karatu, ɗaya a kusurwa.

Ba zan ɓoye abin da wannan launi yake ci ba. Idan aka ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, falon yana yin duhu na gaske, fitilar caji ɗaya da a da take wadatar da mu yanzu sai an haɗa da ta biyu. Sauro yana son laɓewa a wuri mai duhu, kuma a kan wannan bango ba a ganinsa balle a kashe shi, don haka da damina sai da muka gyara ragar tagogi muka kuma kula da rufe ƙofa tun kafin magariba. Hannun yaro mai maiƙo yana barin tabo mai sheƙi, idan kuma aka dirje shi da ƙarfi wurin yana ƙara sheƙi, sai dai a dangwala da tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu. Ƙura kuwa ba a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin ruwa yana mayar da ita taɓo ya bar zane, busasshen ƙyalle nake ɗaurawa a kan doguwar sanda in bi bangon daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya a mako, wanda ya zo daidai da halin garinmu inda ba a wasa da ruwa. Saboda waɗannan dalilai ban kai launin ɗakin da yara suke karatu ba, ban kai shi madafa ba, ban kuma kai shi ɗakin Inna ba, domin idon tsoho ya fi na yaro buƙatar haske, kuma ita da kanta ta ce a bar mata farinta.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda bangon ya sa na sake duban kayan da nake da su. Furannin roba da kalandu da hotuna masu firam na zinariya da suka cika tsohon falon, da na mayar da su sai suka yi hayaniya, na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Abubuwan da na ɗauka ba su isa a kai su falo ba kuwa, su ne suka haskaka. Faya-fayi biyar na kaba da wata gwaggona ta saƙa, waɗanda suka yi shekaru a cikin akwati, na jera su a bangon da ke fuskantar ƙofa, sai ga kowane zagaye na ja da rawaya da baƙi ya fito tamkar farin aiki a wuyan rigar da aka rina da shuni. Tasoshin tagulla uku na jeren mahaifiyata, na goge su da toka da lemun tsami na ɗora a kan katako, da dare suna kama hasken fitila suna riƙewa. Allon da ɗana ya yi saukar izu da shi, mai zayyana a jiki, yana rataye shi kaɗai a tsakanin tagar gabas da kusurwa. A ƙasa kuma akwai tumtum biyu na jar fata aikin dukawan garin nan, da tulun Mirya a kan gammo, da tabarmar kaba mai haske a kan karo. Labulen fari ne marar ado. A kan farin bango waɗannan kaya suna ɓacewa, ido yana zamewa ya wuce su, a kan mai duhu kuwa kowanne yana tsayawa da ƙafarsa, har baƙi sukan tashi su matsa kusa su tambayi wanda ya saƙa faifan. Kusan ban sayi sabon abu ko ɗaya ba, ragewa na yi.

Lita biyu da suka rage na zuba su a ƙaramin gwangwani na rufe da kyau na ajiye a inuwa, na rubuta lambar launin a jikin murfin, saboda gyaran gindin bangon kudu inda daminar bana ta ɗan taɓa. Yanzu hankalina ya koma kan zaure, wanda shi kaɗai ne ginin ƙasa da ya rage a gidan, kuma a can ba na son fentin kamfani. Maigida ya samo wani tsohon magini a Birni wanda ya yi aiki da makuba tun yana yaro a hannun mahaifinsa. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya murza ɗan yaɓen a tafin hannunsa, ya ce ƙasar tana da kyau kuma za ta karɓa, amma ɓawon ɗorawa ba ya samuwa da yawa a kusa, sai an yi saƙo daga kudu, kuma sai ƴaƴan sun nuna da bazara. Mun riga mun ba da saƙon buhu biyu.